Waƙar Mata Ma Haja Ce, Kada Mu Bari Ta Ruɓe A Hannunmu

Jama'a, a shekarar 2013 mu mutanen Kilomita Biyar ba mu sami sukunin yin ta'aziyyar mawaƙa ba. A watan Maris 'yan Seleka suka shiga Bangui, ranar 5 ga Disamba kuma 'yan Anti-balaka suka kawo hari, daga nan kowa ya shiga ta kansa. Shi ya sa da yawanmu ba su ankara ba cewa a wannan shekarar aka yi rashin wasu mata biyu masu baiwar waƙa, ɗaya a Funtuwa ta Jihar Katsina, ɗaya a birnin Baku na ƙasar Azarbaijan. Abin da ya sami aikin kowaccensu bayan rasuwarta shi ne dalilin wannan rubutu nawa.

Ta farko kowa ya san ta: Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, mai kiɗan amada, wadda ta rasu a watan Maris na 2013. Kayan aikinta ƙwarya ce kawai, sai matan da ke kiɗa suna yi mata amshi. Ta bi sahun Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, amma ta buɗe nata babin. Ta yi waƙa a kan kishi, haihuwa da zaman aure, ta kuma yi ta zaburar da mata su kama sana'a, tana zambo ga macen da ta naɗe hannu tana jiran miji. Duk ɗan kasuwar da uwarsa ta haɗa masa jarin farko da kuɗin adashi ko na ƙuli-ƙuli ya san ba wasa take yi ba.

Ta biyun ita ce Shafiga Akhundova, wadda aka haifa a garin Shaki a 1924, ta rasu a Yulin 2013. Azarbaijan ƙasa ce da galibin mutanenta Musulmi ne, tana maƙwabtaka da Iran da Rasha. Suna da wani irin wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa daga farko har ƙarshe, wanda ake kira opera. A 1908, da Uzeyir Hajibeyov ya shirya irin wannan wasa a kan labarin Laila da Majnun, namiji ne ya fito a matsayin Laila, don a lokacin mace ba ta hawa dandali. Shafiga ta yi karatu a hannun wannan mutum, kuma a 1972 ta tsara nata wasan, aka shaide ta a matsayin mace ta farko a ƙasashen Gabas da ta yi hakan.

To, ga inda bambancin yake. Aikin Shafiga a rubuce yake, da sunanta da shekararsa, makaɗin da bai taɓa ganin ta ba zai iya ɗauko takarda ya buga shi. Na Barmani fa? Ya warwatsu a tsofaffin kaset da katin waya. Yaro a bakin kasuwa zai tura maka waƙoƙi ɗari da 'yan sefa kaɗan, wata babu suna, wata an yanke ta a tsakiya, iyalin mai waƙar kuwa ko sisi ba sa gani. In haka ta sami Barmani da duk sunan da ta yi, ina ga tsohuwar da ke kiɗan ƙwarya a bikin suna a nan unguwarmu?

Mu ma abin ya fi yi mana tsanani. A 2014 manyan motoci sun kwashi dubban mutanenmu zuwa Chadi da Garwa-Bulai ta Kamaru. Cikinsu akwai iyayenmu mata da suka haddace kirarin gidaje, da sunayen fataken da suka kawo kakanninmu nan, da waƙoƙin da Hausa ta gauraya da Sango da Fulatanci, irin waɗanda ba za ka ji su a Kano ko Maraɗi ba. Shagon da ya ƙone an sake gina shi. Tsohuwar da ta rasu a sansani da waƙarta a ciki, wa zai dawo mana da ita?

Na san wani zai ce ana fama da kuɗin kwastan da tsadar mota daga Duwala, wa ke ta waƙa? Wani kuma zai kawo maganar malamai a kan kiɗa. Ban zo jayayya da kowa ba. Amma amada a cikin gida ake yin ta, tsakanin mata, kuma ko mutum ba ya sauraron kiɗa, baitocin nan tarihin gidansu ne. Maganar kuɗi kuwa, abin da muke liƙi da shi a biki ɗaya ya ishe mu.

Shawarata ga shugabannin 'yan kasuwa, daga Kilomita Biyar har Beloko da Garwa-Bulai, guda uku ce. Na ɗaya, a sa 'yan mata masu karatu su zauna da tsofaffin nan, da yardarsu, su ɗauki muryarsu da waya, su rubuta sunan mai waƙa, garinsu da shekara. Na biyu, a biya ta haƙƙinta a hannu, kamar yadda ake biyan kowace haja. Na uku, a ajiye kwafi a gidan rediyo, wani kuma a hannun iyalinta. Masu tura waƙa a waya su ma su ji tsoron Allah, su riƙa sa sunan mai ita.

Ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya barin kaya a fili damina ta same su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.