Bege da Tafiya a Ƙagaggun Labaran Hausa: Buƙatar Sake Duban Rabe-Raben Jigo

An daɗe ana koyar da tarihin ƙagaggun labaran Hausa a kan zango biyu masu hannun riga da juna. Zango na farko shi ne na littattafan gasar 1933, waɗanda ake jingina wa jigon jarumta da yawon duniya. Na biyu kuwa shi ne na littattafan soyayya da suka mamaye kasuwa tun daga shekarun 1980. Wannan rabo ya sauƙaƙa wa malami aikin aji, amma ya rufe wa manazarta ido daga zaren da ya ɗinke zangunan biyu, wato bege.

Idan aka koma ga littattafan farko da idon basira, za a tarar da wuya a sami matafiyin da ya bar gida don sha'awar yawo kurum. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, abin da ya fitar da Alhaji Imam shi ne kishin Liman, mijin mahaifiyarsa da ya riƙe shi tamkar ɗa, bayan an kunyata shi a fada. Barkwancinsa da Malam Zurƙe kan shagaltar da mai karatu, amma ƙaunar uba ce ta riƙe tafiyar har ya komo. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tafiyar da ta fi sosa rai ita ce ta mahaifiyar Umar, wadda begen ɗanta ya jefa ta cikin Sahara da bauta, ba ta sake ganinsa ba sai a ƙarshen rayuwarta a Tarabulus. Shi kuwa Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun daga tushe labarin soyayya ne: Malam Shaihu ya raba Abubakar da Zainab, begen ya rikiɗe ya zama ƙullaci, ƙullacin ya kai Abubakar dazuzzuka neman asirin ramuwa, har masifar ta faɗa kan Kyauta, wanda bai ji ba bai gani ba.

Ke nan soyayya ba baƙuwa ba ce da ta faɗo wa adabin zube da rana tsaka. Abin da ya sauya shi ne wanda ake bege da kuma filin da ake yin kasada. A So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, Boɗaɗo ta tsallake shingen ƙabila da umarnin dangi don ta auri Yasir. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, tazarar da ke tsakanin Sumayya da Muhammad ta dukiya ce. Hamada ta koma zaure da tsakar gida, 'yan fashi da aljanu sun ba iyaye da attajirai wuri, amma ginin yana nan: rabuwa, wahala, sannan saduwa ko asara.

Za a iya cewa littattafan baya sun gaza na farko a ƙwarewar harshe da tsaftar bugu, kuma a game da da yawa daga cikinsu hakan gaskiya ne. Sai dai wannan hukunci ne a kan salo da tacewa. Muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 a kan Adabin Kasuwar Kano ta sha cakuɗa ingancin rubutu da halascin jigo, har aka wayi gari ɗalibi yana jin nauyin ɗaukar soyayya a matsayin batun bincike. Alhali kuwa al'ummar da ta raya waƙoƙin begen Manzon Allah (SAW) ƙarni bayan ƙarni ta san cewa bege fanni ne mai zurfi, mai ƙa'idoji da kalmominsa.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa su daina ware "jigon jarumta" da "jigon soyayya" a babi daban-daban kamar ba su haɗa komai ba. Kwas ɗin da zai ɗora Shaihu Umar kusa da So Aljannar Duniya, ya tambayi wa ake nema, me ya raba su, kuma nawa aka biya kafin a sadu, zai fi nuna wa ɗalibi yadda zuciyar Bahaushe ta sauya daga zamanin Turawa zuwa yau.