A Faɗa Mana Inda Kuɗin Jirgin Ya Shiga

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan jiragen ruwan alfarma da attajirai ke ɗauka haya, har da matuƙi da kuku da masu hidima, su tafi hutu tsibiran Karibiyan. Hayar mako guda kan haura dala dubu ɗari. To, wanda ya samu da guminsa, Allah ya ƙara masa.

Amma jama'a mu tuna da Galactica Star, jirgin dala miliyan 80 na ɗan kasuwar mai Kola Aluko. A 2017 gwamnatin Amurka ta shigar da ƙara cewa an saye shi ne da ribar kwangilolin man Nijeriya da aka samu ta hanyar cin hanci. A Janairun 2025 ta amince ta maido mana dala miliyan 52.88, aka ce miliyan 50 ta kai wutar lantarki karkara ce.

Don haka ina kira ga gwamnati da ta buga sunan kowane ƙauye da ya samu wutar, da nawa aka kashe. Don Allah kada a sake ba kura ajiyar nama.

Naku,
Mai kishin talakawa,
Funtuwa.