Bayan buhun shinkafa, 'yan uwanmu masu buƙata ta musamman na buƙatar filin motsa jiki



Duk azumi ƙungiyoyi irin tamu kan kai kayan abinci unguwar masu buƙata ta musamman da ke Karonmajigi, kan hanyar filin jirgin saman Abuja. Allah ya saka wa masu yi da alheri. Sai dai akwai buƙatar da ba mu cika waiwaya ba, wato lafiyar jikin manyansu.

Wanda ke wuni a keken guragu, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a ɗaki, gaɓoɓinsa kan sandare, ƙarfinsa ya ragu, ga barazanar hawan jini da ciwon suga, ga kaɗaici. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya masu nakasa su riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, daidai ƙarfinsu.

Shawararmu ita ce mu buɗe ajin motsa jiki duk Asabar da safe. A irin wannan aji ba a gasa. Malami zai jagoranci miƙe hannu, juya kafaɗa, tafi da jan numfashi, sannan kowa ya ƙirƙiro nasa motsin sauran su kwaikwaya. Mai keke zai yi daga zaune, makaho ya bi murya, kurma ya bi alamar hannu. Jiki zai saki, a yi raha, mutum ya ga yau shi ake bi.

Mun san wasu za su ce wannan ai rawa ce, ba ta dace da magidanci ko matar aure ba. Damuwarsu abin dubawa ce. Za a raba ajin maza da na mata, mace ta koyar da mata, kuma ƙidaya da tafi sun wadatar ba sai an sa kiɗa ba.

Masu shakkar ko za su iya, su je kallon ƙwallon guragu, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro, wanda waɗanda shan inna ya taɓa ke bugawa da hannu a kan allo mai taya. Ƙwazo akwai shi, wuri ne babu.

Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su shigu. Wa'adin ya wuce. Mu fara da namu zauren taro: a yi gangaren keke a ƙofa, a gyara banɗaki, a nemo ma'aikacin lafiya ya duba kowa kafin ya fara, a ware kuɗin mota ga masu zuwa daga nesa.

Za mu gabatar da wannan a taronmu mai zuwa, kuma muna roƙon 'yan uwanmu masu buƙata ta musamman su halarta su faɗi yadda suke so a tsara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya ba mu ikon aiwatarwa, amin.

Sakataren ƙungiya