Ƙwayar Ƙarfi Ko Ƙwayar Kassara?

Duk wanda ya zaga tashoshin mota na Maraɗi ko Damagaram, ko zangon Kumasi, ya san sunan tiramol ba baƙo ba ne a bakin samari. An saba ɗora laifin shansa a kan 'yan iskan gari, alhali mafi yawan masu haɗiyar wannan ƙwaya mutane ne masu neman halak: ɗan kabu-kabu, da ɗan dako, da mai ga-ruwa, da manomi a tsakiyar damina, da masu haƙar zinariya a dajin Jado. Gajiya ce ta kai su gare shi, domin an ce musu yana sa mutum ya yini yana aiki bai ji a jikinsa ba.

Asalin tiramol maganin ciwo ne daga dangin ofiyam. Likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100, kuma ba a son babban mutum ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a kan tire a bakin titi kuwa yakan kai 120, ko 225, har 250 a ƙwaya guda. Mafi yawansa daga Indiya yake fitowa, ya sauka a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Legas, sannan ya hauro arewa. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi, a shekarar kuma Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin. Amma 'yan fataucin ba su yi barci ba. A 2025 binciken BBC ya nuna yadda wata ƙwaya mai haɗe da tapentadol ta maye gurbinsa a Tamale da sauran garuruwan yankinmu.

Ƙarfin da ƙwayar ke bayarwa bashi ne, kuma jiki ne ke biya. Da farko guda ɗaya ta isa, daga baya sai uku, sai biyar. Ranar da ba a samu ba, sai zufa, da ciwon gaɓɓai, da rashin barci. Ranar da aka zarce kima, sai farfaɗiya ta buge mutum, wani lokaci yana bisa babur da fasinja a bayansa, ko numfashi ya tsaya.

Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ke karɓar kuɗin cefane daga ɗansa bai taɓa tambayar yadda yaron ke aikin dare da rana ba, yana da nasa kaso. Haka maigidan da ke tsawwala wa yaron babur kuɗin da sai ya kwana a hanya zai haɗa su, da maƙwabcin da ya san mai sayarwa ya yi gum.

Kamun da jami'an kwastan da jandarmomi ke yi ya zama dole, amma kurkuku ba ya warkar da wanda jikinsa ya riga ya saba. Irin wannan asibiti yake bukata, inda za a rage masa ƙwayar sannu a hankali. Malamai su faɗi sunanta ƙarara a huɗuba, masu unguwa su tashi tiren magani daga ƙofar makarantu, shugabannin 'yan kabu-kabu su hana mai maye ɗaukar fasinja. Iyaye kuma, in kun ga alama, ku kai yaro wurin likita kafin ku kore shi daga gida, domin titin da za ku tura shi nan ne kasuwar ƙwayar take.

Allah Ya shirya mana zuri'a.