Doka a kan titi, 'yanci a cikin gida



Gardama ta tashi a tarurrukanmu. Wasu sun ce mai fili ya gina abin da ya ga dama. Wasu sun ce kada a aza tubali ko ɗaya sai da takardar hukuma. Ga abin da muka gani.

Mu tuna Maraɗi. Tsohon gari yana cikin fadama, a bakin gulbi. A 1945 ruwa ya ci shi. Nasara suka mai da mutane bisa tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu, suka yanka filaye. Ba mu yabon mulkin da ya yi aikin, amma hawa tudun daidai ne. Ruwa ba ya tambayar mai fili. Wanda ya toshe hanyar ruwa da katangarsa, gidan maƙwabci yake rushewa. Irin wannan doka muna so.

Akwai kuma wata iri. A 1926 Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Suka keɓe wa kansu unguwa, suka bar 'yan ƙasa a ƙetaren kwarin Gunti Yena. Wannan doka ta raba mutane ce. Ita ta koya mana raina ginin ƙasa, har muka ɗauka suminti da kwano su ne daraja. Alhali kowa ya san ɗakin kwano da bazara: tanda ne. Soro mai azara kuwa sanyi gare shi.

Ku dubi Birnin Damagaram, da zaurukansa da zankwayensa da zanen ƙofofinsa. Ku dubi hasumiyar Agadas, mita 27, duk ƙasa ce, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Maginanmu suka yi su, ba injiniyan Faransa ba. Amma ruwan 2024 ya ka da tsohon masallacin Damagaram. Ginin ƙasa yana son yaɓe, yana son a kau masa da ruwa daga gindi.

Saboda haka muna neman abu 3:

1. Hukuma ta tsare faɗin titi, da lambatu, da nisan salga daga rijiya. Ta hana gini a fadama, ko na Alhaji ko na talaka.

2. Daga zaure zuwa ciki a bar wa mai gida. Tubali ko bulo, soro ko kwano, shi ya zaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3. Kada a ja layin unguwa sai an zauna da masu unguwa, da magina, da mata masu ɗibar ruwa.

Kowane reshe ya karanta wannan takarda ran kasuwa, a fassara wa wanda bai yi lakwal ba. Ku ƙirga hanyoyin ruwan da aka toshe a garinku, ku aiko mana kafin damina ta faɗi.

Ƙasa tamu ce, gari namu ne!