Cefane a Ingila: Watanda ta fi kowane kanti araha

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya sun nuna cewa a watan Maris na 2023 farashin abinci ya ɗara na shekarar da ta gabata da sama da kashi 19 cikin ɗari, tashin da rabon a ga irinsa a ƙasar tun 1977. Wata uku bayan haka, a Yuni, Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara. Fam ɗin Ingila da ake samu ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati a farkon shekarar, kafin ƙarshen 2024 ya haura naira dubu biyu. Duk ɗan Najeriyar da ke zaune a can yana jiran aike daga gida, wuta biyu ta haɗe masa: abin da zai saya ya yi tsada, abin da zai saya da shi ya narke. Hauhawar ta lafa daga baya, amma lafawar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Abin da ya hau yana nan inda ya hau.

Mu a gida mukan ɗauka wanda ya tsallaka ya huta. Ɗalibin da ke da bizar karatu, doka ta taƙaita masa aiki zuwa awa 20 a mako muddin ana zangon karatu. Shi da mai bizar aikin kula da tsofaffi duk an rubuta musu cewa ba su da haƙƙin cin tallafin gwamnati. Kafin albashi ya kai ga tukunya, kuɗin haya da na wuta da gas da na mota sun riga sun yagi rabonsu. Abinci ne kaɗai abin da mutum zai iya matsewa, shi ya sa shi ake matsewa. Su kansu 'yan ƙasa ba su tsira ba: ƙungiyar agaji ta Trussell Trust ta raba ƙunshin abincin gaggawa sama da miliyan uku tsakanin Afrilun 2023 da Maris na 2024.

Ra'ayina a kan wannan batu guda ne. Mafi yawan abin da Bahaushe ke yin asararsa a cefanen Ingila, kuɗin kaɗaici ne. Yana saye shi kaɗai, kaɗan-kaɗan, a shagon da ya fi kusa, ba tare da ya tambayi kowa ba. Kafin na kai ga maganin wannan, bari mu bi kasuwar daki-daki.

Manyan kantunan Ingila hawa-hawa ne. Waitrose da Marks & Spencer na masu hali ne. Tesco da Sainsbury's da Asda da Morrisons na tsakiya. Aldi da Lidl, kamfanoni biyu na Jamus, su ne na mai ƙaramin ƙarfi, kuma tsananin da aka shiga ya kai Aldi ya ture Morrisons daga matsayi na huɗu a 2022. Sirrin araharsu ba ɓoyayye ba ne: kaya kala kaɗan, ma'aikata kaɗan, kuma galibin kayan da tambarin kantin ake sayar da su. Taliya da fulawa da sukari da man girki da madara da tumatirin gwangwani, babu dalilin biyan kuɗin suna a kansu. Baƙo ya koyi duba ƙananan rubutun da ke ƙasan farashi, inda ake nuna kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya, domin babban ƙunshi ba kullum ne ya fi sauƙi ba. Ya kuma san cewa ƙananan rassan unguwa na waɗannan kantuna sun fi manyansu tsada, kuma a Tesco da Sainsbury's farashi biyu ne a kan kaya da yawa, na mai katin kantin da na wanda ba shi da shi, alhali katin kyauta ne.

Sai kayan da ake liƙa wa takarda mai ruwan ɗorawa da yamma, waɗanda kwanansu ya kusa cika, a karya farashinsu. Wasunmu na jin nauyin a gan su a gaban wannan kanta. Baturen da ke tsaye kusa da kai, da motarsa a waje, ba ya jin wannan nauyin. Abin lura kawai shi ne kwanan wata iri biyu ne. Akwai na lafiya, wanda ake sa wa nama da kifi da makamantansu, shi ba a ƙetare shi sai dai a daskarar da kayan kafin ranar. Akwai kuma na inganci, irin na biskit da shinkafa da kayan gwangwani, wanda wucewarsa ba ta nufin abin ya lalace. Wani abin da baƙi da yawa ba su sani ba: ɗanyen abinci galibinsa babu harajin saye a kansa, amma dafaffen abinci mai zafi da aka sayo a shago yana ɗauke da harajin kashi 20 cikin ɗari. Gwamnati da kanta tana gaya maka ka hura wuta a gida.

To amma Aldi ba ya sayar da kuka, Lidl bai san daddawa ba. Nan ne baƙo ke nufar shagon kayan Afirka, nan ne kuma aljihu ke kuka. Ba na zargin masu waɗannan shaguna. Doyar da ta taso daga Gana, manjan da ya hau jirgin ruwa, ganyen da ya hau jirgin sama, duk sai an biya dako da kwastan da hayar shago, ga masu saye ba su da yawan da za a sauke kaya da arha. Kuskuren namu ne, da muke sayen komai a wuri guda don kawai ƙamshin shagon ya tuna mana gida.

Rabin abin da ke cikin tukunyar Bahaushe yana nan jibge a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Bangladesh, da sauƙin kuɗi. Gero da dawa abincin mutanen Gujarat da Rajasthan da Maharashtra ne, ana sayar da garinsu da sunan bajra da jowar. Tsamiya da kuɓewa da citta da kanumfari da barkono da gyaɗa da farin wake duk suna ciki, da garin shinkafa na tuwo. Zoɓo yana wurin mutanen Jamaika da Sudan da Masar. Nama da kayan ciki da ƙafar sa suna mahautan Musulmi na 'yan Pakistan da Somaliyawa da Turkawa. Dalilin arahar a fili yake. Indiyawa da 'yan Pakistan sun fara zuwa da yawa tun shekarun 1950 da 1960, wasu kuma suka iso a 1972 bayan Idi Amin ya kori 'yan asalin Asiya daga Uganda, da yawansu suka zauna a Leicester. Sun yi shekaru suna gina hanyar kaya tun daga gona har kanti, suna sauke kwantena-kwantena. Wanda ya shiga Southall ko Green Street a Landan, ko Longsight da Cheetham Hill a Manchester, ko Alum Rock a Birmingham, zai ga buhunan shinkafa masu kilo 10 da kilo 20 a jere har rufi.

Kasuwannin titi ma suna nan da ransu. Ridley Road a Dalston, da Rye Lane a Peckham, da Brixton, da kasuwar Bull Ring ta Birmingham, an san su da tumatir da tattasai da albasa a roba, kuma idan rana ta yi sanyi mai kaya ya fi son ya karyar da ya kwashe. Sai dai araha ba ta ado. Tumatirin da aka karyar ya nuna sosai, ba zai kwana uku ba. Wanda zai markaɗa ya tafasa ya daskarar a ranar, ya ci riba. Wanda zai ajiye a leda, ya sayi shara.

A nan ne matsalar take. Duk wannan araha da na lissafa, araha ce ta mai sarari. Buhu mai kilo 20 yana son kuɗi a dunƙule, da motar ɗauka, da wurin ajiya. Rabin rago yana son babbar firiza. Ɗalibin da ke haya a ɗaki guda, yana raba firji ɗaya da mutum huɗu, ba shi da ko ɗaya. Dole ya sayi kilo ɗaya yau, kilo ɗaya jibi, a farashi mafi tsada. Wanda ya fi kowa buƙatar sauƙi shi ne ya fi kowa biya. Nasihar "ka riƙa sayen sari" ga irin wannan mutum, magana ce kawai.

Maganin kuwa mun baro shi a gida. Babu garin Hausa da ba a san watanda ba: a haɗa kuɗi gab da salla, a sayi sa, a yanka, a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. Wanda ba zai iya sayen ko cinya ba, sai ga shi da nama da hanta da ƙashin miya a farashin sari. Babu abin da ya hana gida shida a Coventry ko Sheffield su yi haka kowane wata. Mahautan Musulmi suna sayar da rago sukutum, su sassara yadda aka ce. Buhun shinkafa da jarkar mai da buhun albasa da kwalin kaji duk suna rabuwa. Mai mota ya ɗauko a saka masa kuɗin mai, mai firiza ya ajiye, mai haƙurin lissafi ya riƙe littafi. A Landan har kasuwannin sari ana iya shiga da asuba, irin Billingsgate ta kifi da New Spitalfields ta kayan gwari. Gwauro ɗaya ba shi da abin yi da kwalin kifi, amma gida shida suna da shi.

Na san abin da za a ce. Za a ce amana ta yi ƙaranci, wani zai ci bashi ya ƙi biya, wata za ta ce kashinta ƙashi ya fi yawa. Gaskiya ne, kuma haka yake a watandar gida, ba a kuma daina ba. Sharaɗin ɗaya ne tun na kakanni: kuɗi hannu kafin a je kasuwa, a kasa a gaban kowa, ga sikeli. Abin da ya fi rashin amana hana mu shi ne girman kai. Kowa na son a ɗauka ya fi ƙarfin neman sauƙi, don kada labari ya koma gida cewa wane yana Ingila yana raba buhun shinkafa. Mutum ya gwammace ya ci burodi da shayi a ɓoye da a san yana lissafi.

Wasu kuma sun dogara da jakar matafiyi. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji ba su da nauyi, ƙulli ɗaya ya yi watanni, nan dabarar ta yi. Amma a sani dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga Najeriya ko Nijar shigo da nama da madara da abin da aka yi da su. Kilishi da dambun nama da man shanu duk suna ciki, komai kyan naɗin. Kifi busasshe ko mai banda an yarda da shi har kilo 20. Wanda ya kashe kuɗi ya yi kilishi aka karɓe a filin jirgi, ya yi biyu babu.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafe mu da ke gida. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye mata. Duk da haka a 2015 Tarayyar Turai, lokacin Birtaniya na cikinta, ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin sinadarin nan na fiya-fiya, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Ga buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwari ba tare da digon magani ba, an daɗe da kawo shi kasuwanninmu. Ɗan Kano a Ingila yana sayen waken wata ƙasa a shagon Ba'indiye, alhali kasuwar Dawanau cike take. Tsadar da yake biya, wani kasonta a rumbunanmu aka ƙulla shi.

Kusan kowane babban gari a Ingila yana da ƙungiyar 'yan arewa ko ta ɗalibai Musulmi 'yan Najeriya, da zaurenta na WhatsApp. Suna iya tara kuɗin walimar salla da na tarbar manyan baƙi. Ƙungiyar da ta iya wannan za ta iya sayen tsohuwar firiza guda, ta rubuta wa sabon zuwa jerin inda ake samun gero da inda ake samun nama, ta kuma tsayar da ranar watanda ɗaya a wata. Duk shugaban da ke neman a sake zaɓensa a bana, a tambaye shi gida nawa ya sauƙaƙa wa cefane.