Darasin Maersk: Me kamfani zai yi idan kwamfutocinsa sun mutu?

A ranar 27 ga watan Yunin 2017, wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta ɓulla a Ukraine, ta hanyar wani tsarin lissafin haraji da kamfanoni ke amfani da shi a ƙasar. Daga baya Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha, zargin da Rashar ta musanta.

Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Maersk, kamfanin sufurin jiragen ruwa na ƙasar Denmark. Manhajar ta shiga ta ofishinsa na Ukraine, ta bazu zuwa rassansa na sassan duniya, har aiki ya tsaya a tashoshin jiragen ruwa 17 daga cikin 76 da yake gudanarwa.

Ajiya a wuri guda

Kamfanin yana da manyan kwamfutoci kusan 150 da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, kowacce tana ɗauke da kwafin abin da ke cikin 'yar uwarta. An ɗauka cewa idan ɗaya ta lalace, sauran za su maye gurbinta.

To sai dai dukkansu a haɗe suke, saboda haka annobar ta share su lokaci guda.

Guda ɗaya ce ta tsira, a wani ofishin kamfanin da ke Afirka ta Yamma, domin an ɗauke wutar lantarki a can kafin harin ya iso. Da hannu aka ɗauki bayananta a jirgin sama zuwa Ingila, inda aka soma farfaɗo da ayyuka.

Shugaban kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya shaida wa taron Davos na 2018 cewa sun sake girka manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana 10. Hasarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Shiri tun kafin aukuwa

Sa'a ce ta ceci Maersk, kuma babu hukumar da za ta dogara da sa'a. Ajiyar bayanai tana da amfani ne idan an raba wani kwafi da sauran na'urori, an kai shi wani wuri dabam, kuma ana jarraba dawo da shi lokaci zuwa lokaci.

Haka kuma wajibi ne shugabanni su yanke tun da wuri aikin da za a fara tayarwa, tsawon lokacin da za a iya jurewa, da yadda za a ci gaba da biro da takarda. Ta irin wannan hanya ce ma'aikatan Maersk suka tafiyar da kusan kashi 80 cikin 100 na kayan da suka saba.

Abin tambaya ga kowane banki ko asibiti ko ma'aikata shi ne: yaushe rabon da a kashe na'urori da gangan, a ga ko ajiyar za ta tashi? Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an tabbatar tana nan.